Maginin Tukwane da Igiyar Jakinsa

A can zamanin da, an yi wani maginin tukwane mai jaki ɗaya tak, wanda ke kai masa kaya kasuwa. Mutum ne mai kunya, ba ya iya ce wa kowa a'a.

Wata rana abokinsa ya je karɓar gishiri bashi wajen wani falke. Falke ya ce, "Wa zai tsaya maka?"

Abokin ya dubi magini. Magini ya ji nauyi, ya ce, "Na tsaya masa." Ko yawan gishirin bai tambaya ba.

Damina ta sauka, ruwa ya cinye gishiri, aboki ya gudu. Falke ya kai ƙara.

Alƙali ya ce, "Babu shaida, sai bakinka. Ka tsaya masa?"

Magini ya tuna jakinsa. Da ya ce a'a, shi ke nan. Ya sunkuyar da kai.

"Allah ya gafarta Malam, na tsaya masa."

Aka kwance jaki, aka ba falke. Magini ya koma gida da igiya a hannu.

Tun daga ranar, a ka yake ɗaukar tukwanensa, yana tafe yana cewa, "Kaito, da na tambaya!"