Yaƙin Teku a Falon Dagoberto

Abin ya fara ne ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba, da ƙarfe shida saura kwata na yamma, ana gab da kaɗa ƙararrawar addu'a a cocin garin Bocachica. Rana ta riga ta zauna a kan ruwa. Nereida tana tsakar gida tana soya kifi da babbar ayaba, 'yarta Yulieth mai shekara goma sha shida tana ninke kayan makaranta, surukarta tsohuwa Ña Petrona tana kan kujerarta mai lilo a bakin ƙofa. Maigidan kuwa, Dagoberto Caraballo, yana inda ya saba zama, wato gaban talabijin, da madannin wasan bidiyo a hannu, bakinsa a buɗe.

Ɗan masunta ne, jikan masunta, amma shi ko kwale-kwale ya hau zuwa Cartagena sai ya yi amai. Jiragen da ubansa ya bar masa wasu ke tuƙa su. Shi tekunsa tana cikin falo. Watanni ke nan yana fama da yaƙi guda a cikin wani wasa: ƙaramin jirginsa zai fuskanci wani ƙaton jirgin yaƙi mai igwa hawa uku a bakin mashigin ruwa. Abokansa na birni su ma sun kasa, kowa yana so ya zama na farko. Dabararsa ɗaya ce kullum. Ya buɗe filafilai duka, ya ruga, ya jera haƙarƙarin jirginsa da na ƙaton, ya yi ta harbi har a nutsar da shi. Mutanensa su yi ta ihu a cikin ruwa. Sai ya zagi uwar wanda ya ƙirƙiro wasan, ya danna, ya sake.

A wannan yammacin, jirgin yana gama nutsewa, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Nereida ta leƙa titi da cokali a hannu. Babu kowa. Karnuka ma sun yi shiru. Dutsen ya gangaro tsakar gida, ta ɗauka, ta ji shi a jiƙe, da ƙarnin teku. Ta sake shi da sauri ta goge hannu a zaninta.

Haka aka ci gaba. Da rana gidan lafiya lau. Da zarar haske ya fara ja, Dagoberto ya zauna, jirginsa ya nutse, sai jifa. Daga baya aka fara jin muryoyi daga cikin tankin ruwan da ke bayan kicin, muryoyin maza da yawa, can ƙasa, kamar masu kiran wani da ba ya waiwayowa. Nereida ta roƙe shi ya bar wasan ko na mako ɗaya.

"Mace, me ya haɗa kwanon rufi da wasa? 'Ya'yan maƙwabta ne. Matsa, kin tare mini."

Ña Petrona ba ta daina lilo ba. "Ubanka ya yi shekara arba'in a teku bai nutsar da jirgi ko ɗaya ba. Kai ko kafin a sauke shinkafa ka nutsar da uku."

"Mama, don Allah."

Wata yamma Yulieth ta ajiye littafinta, ta zo ta tsaya a bayan ubanta. Ta daɗe tana kallon allon. Sa'ad da jirgin ya juya gefensa ga igwa, sai ta buɗe baki, murya ta fito wadda ba tata ba, muryar namiji tsoho, mai kauri da gishiri.

"Jaki."

Daga nan ta durƙusa ta yi tari, ruwa ya zubo daga bakinta. Nereida ta taɓa shi da yatsa ta ɗanɗana. Ruwan teku ne.

Aka kai ta asibiti a birni, aka duba ƙirji da jini, ba a ga kome ba. Ta dawo gida ta daina cin abinci. Gashinta ba ya bushewa. Kowace yamma ruwan da take tofarwa yana ƙaruwa, numfashinta yana gajarcewa, har wuyan hannunta ya koma kamar na ƙaramar yarinya. Dagoberto ya rage ƙarar talabijin. Iyakar sadaukarwar da ya yi ke nan.

Nereida ce ta hau jirgi ita kaɗai ta tafi Barú, ta zo da Don Evaristo Pájaro. Dattijo ne siriri da ya yi karatun zama fada, wato limamin coci, a ƙuruciyarsa bai ƙarasa ba, ya koma yi wa mutane addu'a da magani. Ya iso da la'asar da ƙaramin littafin addu'a da ganyen taba da kwalbar ruwa mai tsarki. Bai nemi ganin yarinyar da fari ba. Ya zagaya gidan a hankali, ya saurari tankin, ya shigo falo, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ƙafa ɗaya ta teburin talabijin ta gaza, an tokare ta da wani baƙin dutse mai santsi, mai girman kan jariri.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ni," in ji Dagoberto. "A bakin ruwa na tsince shi, wajen tsohuwar ganuwa. Teburin ne ke rawa."

Ña Petrona, wadda idanunta suka daɗe da raunana, ta sa aka kai hannunta kan dutsen. Ta janye kamar ta taɓa wuta. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san irin waɗannan duwatsu. Su ne ake zubawa a cikin jiragen dā don su yi nauyi, jirgi in ya nutse su ke zama a kan mutanensa. Masunci in ya jawo ɗaya a taru, yakan yi alamar gicciye ya mayar da shi ruwa nan take.

"Kabarin mutane ka yi matokarin tebur da shi," in ji ta. "Ni na haife ka kuwa?"

Aka jira faɗuwar rana. Aka zaunar da Yulieth a kujera, uwarta tana riƙe da kafaɗunta. Don Evaristo ya kunna kyandir, ya hura hayaƙin taba a kusurwoyi huɗu, ya karanta abin da zai karanta a hankali, ba gaggawa. Gidan ya yi tsit, har ana jin ruwa yana bugun gaɓa daga nesa. Sai kan yarinyar ya ɗago.

"Wane ne kai?" in ji dattijon.

"Sunana ya ruɓe tun kakanka bai zo duniya ba. Ni ke riƙe da akalar jirgi."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba kome. Ita kaɗai ce mai kunne a gidan." Idanun suka juya ga Dagoberto. "Na mutu sau ɗaya a ƙarƙashin shugaba wawa, na haƙura, na kwanta. Sai wannan ya ɗauko ni ya ajiye ni a ƙarƙashin akwatinsa. Kowace yamma ina kallo yana kai mutane bakin igwa kamar awaki. Suna nutsewa, shi yana tambaya ko kifi ya soyu."

"Za a mayar da dutsenka gobe. Ka fita."

"Ba zan fita ba sai mutanen can sun taka ƙasa."

"Ba mutane ba ne. Zane ne, wasu suka yi shi don wasa."

"Zane ne ke kiran uwarsa a cikin ruwa? Na san wannan kira, tsoho. Kai a littafi ka san teku."

Don Evaristo bai yi gardama ba. Ya tambaye shi abin da yake so. Mamacin ya ce a ba hannun yarinyar wannan abin da ake dannawa, ya tuƙa jirgin da kansa. In aka hana, ruwan da ke ƙirjinta zai cika kafin sabon wata ya tsaya.

"Sau ɗaya," in ji dattijon. "Ka ci ko a ci ka, za ka fita, ba za ka dawo ba. Rantse da wanda ya yi teku."

"Na rantse. Ni ba na bukatar biyu."

Kowa ya juya ga Dagoberto. Madannin yana hannunsa. Bai miƙa ba.

"Abin shi ne," ya ce, yana kallon ƙasa, "wannan yaƙin in aka ci shi, ya wuce ke nan. Ba ya maimaituwa. Don Evaristo, ka ce masa ya riƙa faɗa mini kawai, ni in tuƙa."

Muryar ta yi dariya, dariyar ta koma tari, ruwa ya kwararo a kan rigar yarinyar, leɓunanta suka fara yin shuɗi. Nereida ta dubi mijinta. Ta saki kafaɗun 'yarta, ta je ta ɓamɓare yatsun mijinta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora madannin a cinyar Yulieth.

Yarinyar ba ta taɓa riƙe abin ba, amma yatsunta suka zauna a kansa. Ƙaramin jirgin ya fito bakin mashigi, ya naɗe rabin filafilansa, ya tsaya.

"Me kake jira?" in ji Dagoberto. "Ga shi can!"

"Iska nake jira, ɗan tudu. Rufe mini baki."

Ya jira har iskar ta koma bayansa. Ƙaton jirgin ya taho da nauyinsa, ya fara juyo da gefensa. Ƙaramin bai ba shi haƙarƙari ba ko sau ɗaya. Ya nuna masa goshi, siriri, harsasai suka faɗa ruwa dama da hagu. Kafin a sake ɗura igwa, ya zame ya wuce ta bayansa, inda bakin igwa biyu ne kacal, ya zuba wuta a kan matuƙinsa, katakon da ke juya akalarsa. Ya ja da baya. Ya dawo da harsashin sarƙa ya kakkarya jigajigan da ke ɗauke da filafilai. Duk lokacin da aka yi masa rauni wani ya faɗa ruwa, sai ya rage gudu ya tsamo shi, abin da Dagoberto bai taɓa yi ba domin yana cin lokaci.

"Babba ba a dukansa a ƙirji," in ji muryar, ba ta kallon kowa. "A cire masa ƙafa, a bar nauyinsa ya kashe shi."

Daga ƙarshe ya yi kamar zai gudu, ya bi ta inda ruwa ba zurfi. Ƙaton, ba matuƙi, iska tana tura shi, ya biyo shi har ya hau kan duwatsu ya kwanta a gefe. Ƙaramin jirgin ya juya ya nufi gaɓa. Aka ji mutanen cikinsa suna waƙa.

Madannin ya faɗi ƙasa. Wata iska mai sanyi ta bi ta falon ta fita ta ƙofar baya, kyandir ya kwanta ya miƙe. Tankin ya yi shiru. Yulieth ta sulale a hannun uwarta, ta yi numfashi mai tsawo, busasshe, na farko cikin makonni. Can ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Mama, yunwa nake ji."

Dagoberto ya durƙusa a gabanta. Ya kama hannunta. Nereida ta matsa masa wuri, domin ta ɗauka kuka zai yi.

"'Yata," ya ce, "wajen da ya bi ta bayansa ɗin nan, wanne ya danna? Kin tuna?"

Da gari ya waye Don Evaristo ya naɗe dutsen a farin ƙyalle, wani masunci ya fita da su bayan ganuwa, aka sake shi a ruwa. Jirgin ruwan tsakar rana kuma ya ɗauki Nereida da 'yarta da akwati biyu zuwa birni, daga can suka wuce gidan 'yar'uwarta a Barranquilla. Yarinyar ta warke sarai. Ba su dawo ba.

Waɗanda suka rage a gidan su ne: Ña Petrona, wadda ta sa aka juya kujerarta ta fuskanci titi, wata 'yar ƙanenta da ke zuwa da safe ta dafa mata abinci ta tafi, kaji huɗu, da Dagoberto Caraballo, wanda ya goge duk nasarar da aka samu, ya fara wasan daga farko, don ya sake isa wannan yaƙin.