Ƙofar da Raliya ta Rufe

Ranar da Raliya ta fara ganin Ɗan Azumi, tsokana ce ta haɗa su, kuma shi ya fara.

A biro ne, wato ofishin ƙungiyar manoman gyaɗa da ke Zinder, inda aka tara wakilan ƙauyuka don a koya musu sabuwar hanyar aika saƙo. Raliya ce ta haɗa abin da hannunta. Wata tsohuwar ordinata, kwamfuta ke nan, ta samu a lungun biro ta mayar da ita sabar, wato uwar da duk saƙonnin ƙungiya ke bi ta cikinta kafin su isa wayar kowa. Tana cikin bayani sai wani dogon saurayi, wakilin ƙauyen Dogo, ya ɗaga hannu daga baya.

"Madam, tunda makulli na hannunki, ke nan duk abin da muka rubuta kina karantawa?"

"Ba na karantawa. Na saita ta kada ta ajiye saƙon kowa. Da ta isar, ta manta."

"To in mutum so yake ki karanta fa?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Raliya, wadda ta gama iniwarsite, wato jami'a, ba namijin da ya taɓa sa ta in-ina, ta duƙa tana neman abu a tebur alhali ba ta ajiye komai ba. Da aka zo rabon sabbin wayoyin da ƙungiya ta saya wa wakilai, ita ta rubuta sunansa a takarda ta manna a bayan tasa, ta miƙa masa ba ta ɗago ido ba.

Da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Mai makulli, gwaji nake. Ya shigo?"

"Ya shigo."

"Madalla. Gobe ma zan sake gwadawa, kin san na'ura ba abar yarda ba ce."

Haka ya yi ta gwaji har sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Ban taɓa jin na'urar da ta sha gwaji irin wannan ba. Tun Raliya na amsawa da kalma ɗaya har ta koma ita ke fara tambaya.

"Manomina, yau ba gwaji?"

"Ina kasuwar Dogo, Mai makulli. Na ga wani gyale na ce da ke ya dace, sai na tuna ban san launin da kike so ba. Ashe akwai sauran karatu a gabana."

"Kore."

"Launin damina. Allah Ya yi ke tawa ce."

Ta so shi, so na gaske, irin wanda ke sa mutum murmushi shi kaɗai a kan kabu-kabu.

Mahaifinta, Alhaji Mai Nasara, baduku ne ɗan baduku a cikin Birni, tsohuwar unguwar Zinder, mutumin da zaurensa ke ƙamshin fata tun kafin a haife ta. Ana gab da faɗuwar damina Ɗan Azumi ya zo gaishe shi. Alhaji bai ko ajiye jakar da yake ɗinki ba.

"Ɗan wane ne kai?"

"Ɗan Malam Ɗanƙarami ne, na Dogo."

"Ban san shi ba. Ɗiyata ta yi karatu har ta fi ni, sai in kai ta Dogo ta yi surfe? Tashi ka tafi, yaro."

Raliya na bayan ƙofa, ta ji komai. Ta bi shi ta ƙofar baya ta cim masa a lungu, yana tafe cikin yashi.

"Ba zan kira ki ba," ya ce, "don kada in sa ki saɓa wa mahaifinki. Ke ma kada ki kira ni. Zan je in yi shawara da Tsohona. In na ga akwai hanya, zan rubuto miki. In kin ji shiru, ki bi maganar Baba, ba ki yi mini laifi ba."

"Kada ka yi shiru, Ɗan Azumi."

Ya juya ya tafi.

A satin nan ne shugaban biro ya kira ta ransa a ɓace. Farashin da wakilai ke shawartawa a asirce yana isa kunnen dillalai kafin ranar kasuwa. Raliya ta san inda ake iya samun ɓaraka. Ƙofa biyu sabar ke da su. Ta tsohuwar, saƙo tsirara yake tafiya, duk wanda ya iya laɓewa a kan rezo, wato layin sadarwa, zai karanta. Ta sabuwar kuwa, sai waya da sabar sun gaisa, sabar ta nuna sartifikarta, wato shaidar cewa ita ce, sannan a naɗe saƙo a kulle. Tsofaffin wayoyi ba su iya wannan gaisuwar ba, shi ya sa tun farko ta bar musu tsohuwar ƙofa a buɗe.

Mai baƙin ciki in ya samu aiki, har godiya yake yi. Ta zauna ta sabunta sartifika, ta wajabta kulle a kan kowa, ta duba sunayen wakilai ta ga duk an ba su sabuwar waya, sannan ta rufe tsohuwar ƙofa ruf. Ta gwada, komai daidai. Shugaba ya yaba mata a gaban mutane.

Daga nan ta fara jiran saƙo.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Sunan Ɗan Azumi ya dushe a wayarta, alamar ba ya kan layi, bai kuma sake haske ba. Ta ce a ranta ya goge abin ne gaba ɗaya don kada ma ya ga sunanta. Ta rame. Mahaifiyarta, Hajiya Falmata, ta yi ta dama mata fura tana dawowa da kwano yadda ta kai shi.

Sai ga Rashid, ɗan wan Alhaji, ma'aikacin duwan, wato kwastan, da mota da turare da ladabinsa. Ba shi da aibu, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai, don ba ta da abin da za ta ce ba ta so. Wata safiya Alhaji ya kira ta zaure.

"Yaron nan na Dogo," ya ce, "na zaci mutum ne. Ni da nake neman uwarki, kakanki ya kore ni har na daina ƙirgawa, kullum ina dawowa. Haka muke yi a gidan nan. Wanda kora ɗaya ta ishe shi ba zai riƙe mace ba. Bayan kaka zan ba su Rashid rana."

Ashe ƙofar zauren ba a kulle take ba, turawa kawai take jira. Raliya ta shiga ɗaki ta rubuta:

"Manomina, ka dawo. Baba gwada ka yake. Don Allah ka dawo."

Saƙon ya tsaya a sabar, ba wayar da ta zo karɓa. Ta danna lambarsa, ta katse kafin ta shiga. Shi ya ce shiru amsa ce, ga shi ya amsa. Ta kifa kai a gado ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Gero ya fara nuna lokacin da Larai, shugabar matan Dogo, ta shigo biro da ƙorafin wayarta ta cika. Raliya ta karɓa ta juya bayanta, sai ta ga rubutun hannunta.

"Inna, wannan ai ta Ɗan Azumi ce."

"Shi ya ba mu, ɗiyata. Tamu ta faɗa rijiya tun kafin shuka, ya ce mata sun fi shi buƙata, ya koma wa tsohuwarsa. Amma ke ma kin iya hukunci. Ya ce tun da ya dawo daga Birni kika kore shi daga ciki, ba ya samun saƙon kowa."

 Raliya ta juya ga ordinata ta buɗe inda sabar ke nuna masu neman shiga. Ga ta nan: wata tsohuwar waya tana ƙwanƙwasa rufaffiyar ƙofa, ana mayar da ita, ta dawo, a mayar da ita. Jiya ma ta zo. Yau da safe ma ta zo.

Layi ɗaya za ta canza ƙofar ta buɗe, duk abin da ya rubuta ya zubo mata yanzu. Ta ɗora yatsunta a kan ordinata ta daɗe a haka. Amma in ta buɗe masa ta buɗe wa kowa, ga kaka ta zo, guminsu duka yana cikin farashin nan. Ta janye hannu, ta ɗauki sabuwar waya ɗaya daga kabad.

"Inna, in kin tashi komawa tare za mu."

Sun same shi a bakin gona yana gyaran rumbu. Ya rame shi ma, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya dube ta ya sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Madam."

Madam ɗin nan ta soke ta fiye da zagi.

"Ba ni wayarka," ta ce.

Ya miƙa mata. Gilashin ya tsage, an ɗaure bayan da roba. Ta buɗe sunanta. Saƙonni ne jere, kowanne da ɗan hoton agogo a gefe, alamar bai bar wayar ba.

"Mai makulli, Tsoho ya yi dariya. Ya ce uban da bai kori mai neman ɗiyarsa ba bai san darajarta ba. Ya ce da kansa zai zo. Ki faɗa mini ranar da Baba ke zama a zaure."

"Mun yi shuka. Tsoho na tambaya ko kin amsa. Na ce masa rezo ne."

"Ya sa an wanke babbar rigarsa. Ki ce wani abu, ko a'a ce."

"Na daina ganin saƙon kowa. Na gane, kin rufe ni. Ban ga laifinki ba. Amma zan riƙa rubutu, hannuna ya saba."

"Zazzaɓi ya kwantar da Tsoho."

"Raliya, Tsoho ya rasu yau bayan azahar. Da safe ya tambaye ni ko ɗiyar Birni ta amsa. Na ce masa ta amsa, ta ce tana gaishe shi. Allah Ya yafe mini ƙaryar."

Ba ta iya wuce nan ba. Ta durƙusa a kan kunyar gona, wayar a ƙirjinta.

"Ni na rufe," ta ce cikin kuka.

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ƙofar tsofaffin wayoyi na rufe saboda dillalai. Na zaci sabuwa ke hannunka, ni na ba ka ita. Ko ɗaya bai iso ni ba, Ɗan Azumi. Duk daminar nan jiranka nake."

Ya daɗe yana kallonta, kamar mai koyon sabon harshe. Sannan ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da ita, ya rufe fuska da hularsa. Larai ta juya musu baya tana gyara ɗaurin zaninta da bai kwance ba.

"Ashe ban yi masa ƙarya sosai ba," ya ce daga ƙarshe. "Da kin gani, da kin gaishe shi."

"Da na zo da ƙafata."

Da ta koma Birni ba ta bi ta wajen Hajiya ba, zaure ta nufa. Ta durƙusa ta faɗa wa Alhaji komai, ba ta rage nata ba. Ya ajiye basilla.

"Ya wanke rigarsa don ya zo zaurena?"

"E, Baba."

"Ni kuwa na ce ban san shi ba." Ya miƙe. "Ce wa uwarki ta fito mini da tawa. Mutum ya rasu yana shirin zuwa wurina, ban je gaisuwa ba."

Kafin ya kama hanyar Dogo sai da ya biya gidan wansa ya ba da haƙuri, tunda ba a riga an karɓi komai ba. Rashid ya yi fushi na ɗan lokaci, ya ƙi zuwa gidan, daga baya ya aiko da buhun shinkafa. A Dogo, bayan an shafa fatiha, Alhaji ya dubi ƙanen mamacin ya ce, "Abin da Malam ya so zuwa nema, na kawo masa har gida."

Bayan kaka aka ɗaura aure a Birni. Ƙanen Malam Ɗanƙarami ne ya karɓa wa ango, sanye da babbar rigar nan da ta ɗan yi masa tsawo. Mutanen Dogo da suka gane ta suka yi ta share ido, ƴan Birni na mamakin wane irin farin ciki ne wannan.

Da aka kai amarya gaida uwar miji, Inna Ladi ta zaunar da ita kusa da ita a tabarma, ta jawo wata ƙwarya da aka rufe da faifai. Gyaɗa ce, jajaye, manya.

"Ranar da Malam ya ce zai je Birni, ya ware wani gefe a gonarsa, da ruwa ya sauka ya shuka wannan," ta ce. "Ya ce ta amarya ce, kada kowa ya taɓa. Mun cire, mun shanya, ba wanda ya ɗanɗana. Ci, ɗiyata. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku ga jikoki."

"Amin," in ji matan ɗakin.

Raliya ta ɓare ɗaya ta kai baki.  Ɗan Azumi na tsaye a bakin ƙofa yana kallonta, sai ta ɓare ta biyu ta miƙa masa hannu.

"Taki ce," ya ce a hankali.

"To ni na ba ka. Zo ka ci, mu yi masa addu'a tare."