Sakatar Da Aka Ɗaure Da Waya

Gab da magariba Oga ya leƙo garejin kamfaninmu na sayar da motoci, ya ce in sauya wa wata jif baƙin mai kafin in tashi. Tana ɗage a kan injin ɗaga mota na kusurwa, wanda ya faɗo wa Yayana ya kashe shi.

Ranar ta'aziyya Oga ya dafa kaina yana hawaye. “An sa wa injin sabuwar sakata, wallahi. Ni ne yayanka yanzu.” Na yarda, don tare suka koyi aiki, kwano ɗaya suke ci.

Yaya yana da wata ɗabi'a. Ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ya ƙwanƙwasa ginshiƙin injin da sifana sau biyu. “Sallama ce, ƙane,” yakan ce. “Ba mu kaɗai ke aiki a nan ba.” Mu yi ta dariya.

Ni ranar ban ƙwanƙwasa ba. Zuciyata ba ta wurin.

Kowa ya watse. Na kwance noti, mai yana tsiyaya cikin tasa, ɗis, ɗis. Sai ɗigar ta tsaya.

Kwan. Kwan.

Ƙarfe a kan ƙarfe, a bayana. Ƙamshin sabulun da Yaya ke wanke hannu ya cika min hanci.

“Ƙane.” Raɗa ce, da muryarsa. “Ɗaga kai.”

Na ɗaga. Tsohuwar sakatar ce, a karye, an ɗaure ta da waya, an shafe da sabon fenti. Wayar tana warwarewa a hankali.

“Fita.”

Na tsaya ina kallon wayar.

Wani hannu mai sanyi ya damƙi wuyan rigata ya fizge ni baya. Jif ta dira a inda nake tsaye. Gilasai suka tarwatse.

Na waiga. Babu kowa.

A gida Inna ta daɗe tana duban shatin yatsun baƙin mai a wuyan rigar. “Wanda ya mutu ba ya dawowa,” ta ce. “Aljani ne, mai wurin. Ya saba da sallamar yayanka.”

Da safe Oga ya tare ni a bakin ƙofa. Bai dubi fuskata ba.

“Me ka yi wa motar mutane?”

Na ninke rigar aikin na ajiye masa a kan tebur, shatin yana sama. Aljani ya riƙe amanar gaisuwa. Wanda suka ci kwano ɗaya bai riƙe ba.

Abokan aiki sun ce yanzu Oga ba ya yarda magariba ta same shi a ofis. Ana ƙwanƙwasa masa ƙofa sau biyu, kuma har yau bai amsa ba.