Kunyar da Ta Kafe Mota a Gaɓar Lit

Ranar da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na gidan Malam Abdulmajid ya mutu, a tsakiyar zafin Jidda, a ranar 'yarsa Mastura ta fara ganin Haladu. Gyara ya zo yi, da tsani a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Ta miƙo masa ruwan sanyi ta bayan labule. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, ya ba da miji nagari," da Hausa mai kauri irin ta Hausawan Sudan. Dariya ta kusa ƙwace mata. Da zai tafi ta leƙa ta tagar matakala, ta ga a-kori-kurarsa da tanti a naɗe a baya. Ta daɗe tana kallon tantin nan.

Tun rasuwar mahaifiyarta, duniyar Mastura ɗaki uku ce a hawa na biyu a unguwar Waziriyya. Tagar ɗakinta bangon maƙwabta take kallo. Mahaifinta ya bar aikin tashar jiragen ruwa da ciwon gwiwa, kuma ba ya cin abinci sai nata, ba ya shan magani sai daga hannunta. Tana da lasin tuƙi, amma daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida. Tana son mahaifinta har cikin ranta, kuma ta gaji. Duka biyun gaskiya ne.

Haladu ya bar lambarsa ko da mukayyif zai sake lalacewa. Mukayyif dai lafiyarsa lau, amma bayan kwana biyu ta rubuta masa: "Yana wata 'yar ƙara."

Ya amsa: "Wace irin ƙara? Ki kwaikwaya mini."

Daga nan ƙarar ba ta sake ƙarewa ba. Duk ranar hutu sai ya turo mata hoton inda ya kafa tanti a bakin teku. "'Yar Jidda, ga tekunku nan, yana tambayar ki."

"Ka ce masa ina dafa wa Abuya shinkafa, ya zol," in ji ta, tana nufin mahaifinta, tana kuma tsokanarsa da kiran mutanen Sudan.

Da kawun Haladu ya zo neman aure, Malam Abdulmajid bai ɓoye ba. "Mutumin da gidansa yake naɗe a bayan mota? La, a'a, magana ta ƙare. Ga Tariq nan a samanmu, hawa na uku. In ta aure shi, matakala kawai za ta hau."

Tariq yaron kirki ne, babu abin da za a kushe shi da shi. Sai dai tagarsa ma bangon nan take kallo. Haladu ya ji labarin mahaifiyar Tariq ta sauko da tiren halawa, ya ɗauka magana ta ƙare, ya yi shiru mako guda. Mastura ta rame. Daga ƙarshe ta rubuta: "Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Ba na iya musu da Abuya. In ka tafi, ƙalbi, na zauna ke nan."

Washegari sai ga shi ya zo duba mukayyif, kyauta. Tsoho yana son mai sauraro, Haladu kuma yana da kunne. A nan Malam Abdulmajid ya ba shi labarin mahaifiyarsa, wadda ta ƙetaro daga Sawakin ta Sudan tana yarinya cikin jirgin katako na alhazai. Ba a Jidda aka sauke su ba, can kudu da garin Lit ne, kusa da wani farin tudu. A nan uwarta ta cika, a nan aka binne ta.

"Shekara arba'in ina sauke kaya a bakin tekun nan, ban taɓa zuwa na yi wa kakata addu'a ba," in ji shi.

"Baba, kakannina su ne waɗanda suka rage a wancan gefen. Na san farin tudun. In ka yarda, ni zan kai ka."

Tsoho ya yarda, amma fa ba don aure ba, ya ce a ji da kyau. Mastura kuma dole ta bi, don wa zai ba shi magani?

Haka suka kama hanyar kudu. Baba a gaba, Mastura a baya tsakanin kular ƙanƙara da tukunyar gas, Haladu ya ƙanƙame sitiyari kamar mai jarrabawa. Ga masoyi nan, in ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗarsa, amma ko tari ba ta isa ta yi ba. Sau ɗaya idonsu ya haɗu a madubi, Baba ya sa hannu ya gyara madubin.

A Shu'aiba suka ci soyayyen kifi a kan tabarma. Da suka tsaya shan mai, wayarta ta yi motsi. "Masturata, kin ga tekun?"

"Na gani ta bayan ƙeyar Abuya."

Bayan Lit suka ratsa ƙauyuka, raƙuma na kiwo a gindin ƙaya, awaki na tsallaka titi yadda suka ga dama. Da Baba ya hango gonar gero sai ya sa aka tsaya, ya ɓalli zangarniya ɗaya yana jujjuya ta. "Ummi ta ce irin wannan suka baro a gida." Kafin magariba Haladu ya kafa musu tanti, uba da 'ya, shi kuma ya ja motarsa can nesa ya shimfiɗa bargo a bayanta. Mastura ba ta taɓa ganin sarari mai faɗi haka ba, ga shi an ce kada ta wuce igiyar tantin.

Da hantsi suka hango farin tudun. Tsakaninsu da shi akwai fili fari fat, a shimfiɗe kamar an share.

"Yalla, miƙe kai tsaye," in ji Baba.

Haladu ya san filin nan. Sabka ce, samanta busasshen gishiri, ƙarƙashinta taɓo. "Baba, ko mu zagaya ta..."

"Zagaye na me? Ga hanya sarai. Ko tsoro kake ji?"

Wane saurayi ne zai dubi wanda yake so ya zama surukinsa ya ce masa bai sani ba? Haladu ya haɗiye maganarsa, ya yi bismilla, ya shiga. Ba su yi nisa ba motar ta yi wani nishi, ta zauna.

Ya taka, taya ta juya a banza, ta ƙara nutsewa. Waya babu sabis. Rana ta buɗe, gishiri na kashe ido, can gefe kuma teku ya fara turo ruwa a hankali. Haladu ya cire takalmi ya durƙusa yana haƙa da shebur, taɓo na komawa inda ya fito.

Baba ya leƙo. "Kai yaro, ka san ƙasar nan haka take?"

Haladu ya sunkuyar da kai. "Na sani, Baba."

"Ka sani ka shiga? Me ya hana ka faɗa?"

"Kunyarka na ji."

"Kunya! Kunya za ta kashe mu a jeji? In ka ga zan halaka mu, ba sai ka buɗe baki ba?"

Sai murya ta fito daga kujerar baya. "Abuya, ni ma kunyarka nake ji." Mastura ce, hawaye na bin fuskarta. "Shekara nawa ina gani ina shiru. Ba na son hawa na uku. Wallahi ba zan yar da kai ba, amma na kafe, Abuya, kamar motar nan. Haladu nake so."

Ba ta taɓa faɗin sunansa a gaban mahaifinta ba. Malam Abdulmajid ya juyo ya dube ta. Ya dubi tudun da kakarsa take kwance, ya dubi ruwan da ke matsowa.

Haladu ya rage iskar tayoyi, ya sauke kaya duka, ya tura tabarmi da tantin kansa ƙarƙashin taya. Sannan ya share gumi, ya dubi tsoho ido cikin ido. "Baba, yanzu zan faɗa. Sai ka sauka. Mastura ce mara nauyi a cikinmu, ita za ta ja, ni in tura."

Tsoho ya sauka da sandarsa. Maimakon ya koma gefe, sai ya jefar da ita, ya kafa kafaɗa a bayan mota kusa da Haladu, yadda ya saba a tasha.

"In ta tashi kada ki tsaya sai kin hau ƙasa mai ƙarfi," in ji Haladu. "In kin tsaya, za ta sake nutsewa."

"In bar Abuya a nan? Da gwiwarsa?"

Baba ya zagayo ya dafa tagar. Idonsa ya yi ja. "Ya binti, ki tafi. Kada ki waiwaye ni. Zan iso."

Ta taka. Motar ta yi kuka, ta girgiza, ta fizge. Mastura ta yi ta tafiya tana kuka, ba ta ɗaga ƙafa ba sai da ta ji tsakuwa a ƙarƙashinta. Da ta dubi madubi, sai ta hango su can baya, ƙanana, taɓo har gwiwa, tsoho ya rataya hannu a wuyan saurayi suna tahowa.

A kan farin tudun Baba ya yi wa kakarsa addu'a mai tsawo. Da ya shafa, ya juyo wajen Haladu. "Ya waladi, ka ce wa kawunka ya dawo. Amma ka sayi sabon tanti, wannan ya gama aiki."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a Waziriyya. Tariq da kansa ya raba dabino. Haladu ya kama gida a layi na gaba, Baba kuma ya koyi shan maganinsa da hannunsa, yana mita.

Ranar da amarya da ango za su kama hanyar Yanbu da sabon tantinsu, Malam Abdulmajid ya sauko har bakin titi. Mastura ce a kan sitiyari. Ya dafa tagar kamar ranar nan.

"Allah ya yi muku albarka, ya kai ku lafiya, ya ba ku zuriya mai faɗin gaskiya. Yalla, ya binti, ki tafi. Yau kam kina iya waiwayowa."