Likkafanin Ari

Zinariya tana tankaɗen garin gero a tsakar gidansu ta ji babur ya tsaya a ƙofar zaure. Ko ba a faɗa ba ta san Juma'a ta zagayo, ta kuma san mai babur ɗin, don takunsa ba ya ɓuya: ƙafa ɗaya tana taka ƙasa, ɗayar ana jan ta. Mijinta ne, Bakari.

Mahaifiyarta, Inna Yagana, tana zaune inda ta saba, a bakin ƙofar baya, ta zuba wa kogi ido.

"Inna, Kyaftin ne ya zo gaishe ki."

"Da saki ya zo?"

"Haba Inna—"

"In ba da saki ya zo ba, ya koma Haɗeja! Na faɗa na kuma: ranar da kika sake taka gidan wanda ya yi wa ɗana fatan mutuwa, ban yafe miki nonona ba!"

Zinariya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin rariya. Bakari ya ji komai daga zaure. Ya cire takalmi, ya tsugunna da ƙyar saboda gwiwarsa, ya yi gaisuwar da babu mai amsawa, ya ajiye goro ya tafi. Haka yake yi tun da ruwan damina ya janye, ga shi har an fara maganar wata damina.

Duk wanda ya yi wayo a Haɗeja bayan samun mulkin kai ya san Bakari. Ɗan ƙwallo ne da wani kamfanin Kano ya ɗauka yana ba shi albashi, ba aikin fari ba na baƙi sai buga lamba tara. In ya riƙe ƙwallo, gola sai addu'a. Ana cikin haka wani ƙaton mai tsaron baya ya tokare masa gwiwa, shi ke nan, ƙafar da ta ciyar da shi ta zama abin ja. Masu kirari suka watse. Zinariya ce kaɗai ta ce ta ji ta gani, ta aure shi da sandarsa, kuma har yau Kyaftin take ce masa.

Da ya warke sai ya bi 'yan majigi yana ɗaukar musu kaya, har ya koyi riƙe kamara a Kaduna. Lokacin da kuɗin man fetur suka buɗe gari, ya sayo tsohuwar kamara ya dawo gida yana cewa shi furodusa ne. Mutane suka yi ta dariya, wai gurgu ya bar bin ƙwallo ya koma bin inuwa. Shi kuwa burinsa ya shirya fim na labarin masunta a fadamar Kirikasamma, garin matarsa.

Ari, ƙanen Zinariya, shi ya nace a ba shi babban matsayi. Saurayi ne mai fara'a, gwanin tuƙa kwalekwale. A cikin labarin, masuncin zai nutse, a tsamo shi, a yi masa sutura. Dattawa suka ce wannan ba abin wasa ba ne, ba a sa wa mai rai likkafani. Ari ya tuntsire da dariya.

"Baba, ai aktin ne! Da an ce kat zan tashi in ci tuwona!"

Aka naɗe shi a farin alawayyo, aka ɗora a makara, aka ɗauki hoto. Ya tashi ya ci tuwonsa kamar yadda ya faɗa. Bakari ya aika da fim ɗin a wanko shi. Kafin ya dawo, ruwan Agusta ya kife da kwalekwalen Ari. Aka yi ta nema har cikin kainuwa da ciyawar kachala, ko hularsa ba a gani ba.

Liman ya yi masa sallah ba gawa. Inna Yagana ta ƙi karɓar gaisuwa, ta ce ba ta ga gawa ba, ba wanda zai ce mata ɗanta ya mutu. Amma kuma ita ce mai cewa Bakari ya kashe shi, ta je har Haɗeja ta taho da 'yarta. Kullum da yamma sai ta zuba tuwo a akushin Ari ta rufe da faifai, da safe a ba kaji. Gidan ya zama abin tsoro. Iska ta taɓa ƙyaure, Inna ta ce, "Ga shi nan." Ita kanta Zinariya ta kai in ta je ɗiban ruwa sai ta ji kamar sautin filafilin kwalekwale a bayanta, ta waiga ba kowa. Tana kewar ƙanenta, tana son mijinta, tana tsoron bakin uwa, duk ta rame ta lalace.

Wata Juma'a Bakari bai zo shi kaɗai ba. Kawu Shu'ibu, wan Inna, ya shigo tsakar gida, yana ɗauke da wasu faffaɗan gwangwanayen fim.

"Yagana, ki saurare ni. Wani mai gidan silima ya zo daga Kano, ya ce a ba shi fim ɗin nan, zai sa a yi shela a zo a ga yaron da ya mutu sau biyu. Ya ce mota zai saya wa Bakari. Kin san amsar da yaron nan ya ba shi? Ya ce ba zai ci abinci da hawayenki ba. Ga shi ya kawo miki, duk abin da ya mallaka ke nan. Ki ƙona, ko ki jefa a kogi."

Daga bayan zana muryar Bakari ta fito.

"Inna, ku yi yadda kuka so da shi. An hana ni ban ji ba, na ɗauki laifina. Amma saki, ku gafarce ni, bakina ba zai iya ba."

Inna ta daɗe tana kallon gwangwanayen. Ta miƙa hannu ta shafa ɗaya, ta janye kamar ta taɓa wuta.

"Yana ciki?"

"Yana ciki, Inna."

"Yana motsi?"

"Yana motsi."

"To a nuna mini shi."

Washegari da hantsi aka toshe ƙofar zaure da tabarmi, aka kafa farin ƙyalle da na'urar majigi, aka ta da janareto a waje. Zinariya ta zauna kusa da uwarta. Haske ya faɗa kan ƙyallen, sai ga Ari tsaye a kan kwalekwale, yana jefa birgin kamun kifi, yana dariyar nan tasa ba sauti. Inna ta yunƙura ta miƙe.

"Ari! Ari, ɗan nan, ina ka shiga?"

Bai waigo ba. Ta koma ta zauna a hankali. Da aka kusa wurin nutsewar, Bakari ya kai hannu zai kashe na'ura.

"Bar shi!" in ji Inna.

Suka ga an tsamo shi. Suka ga an naɗe shi fari fat, an ɗaure kai da ƙafa, maza sun ɗauki makara sun yi sahu. Zinariya ta ji hannun uwarta ya damƙe nata, sannan ta ji kalmar da tsohuwar ta ƙi furtawa tun ranar da ruwa ya ci kwalekwalen.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe an yi wa ɗana sutura. Allah ya jiƙanka, Ari."

Ta fashe da kuka mai cin rai, Zinariya ta rungume ta, Kawu Shu'ibu yana share ido da bakin rawani. Bakari ya kifa kai a kan gurguwar gwiwarsa.

Da yamma Inna ta zuba tuwo a akushin Ari kamar kullum. Zinariya ta zuba ido ta ga inda za ta ajiye. Sai tsohuwar ta miƙo mata.

"Kai wa mijinki, tun safe bai ci komai ba. In ya gama ki haɗa kayanki. Ajali ne ya kira ɗana, ba hoto ba."

Bakari ya shirya finafinai da dama bayan haka, amma wancan bai taɓa shiga silima ba, bai kuma sake sa wa mai rai likkafani ba. Ku samari da 'yammata, in baƙin ciki ya sa iyaye suka yi muku tsauri, kada ku rama, kada kuma ku saki juna. Haƙuri da ladabi ne suka mayar wa Bakari matarsa, suka ba Inna Yagana ikon yi wa ɗanta addu'a.