Wanda Ya Amsa Kiran Baraka

Jirgin yamma ya sha ruwa a tashar Dangora ya wuce Kano, masu tallan dafaffiyar gyaɗa sun watse. Shitu, mai juya wa jirgi layi, ya rataye fitilarsa ya zauna alwala a tsakar gida. Nan dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Tsakuwar layin dogo ce, da zafinta kamar an ciro ta daga murhu.

Kande, 'yarsu budurwa, tana tankaɗe. Ta saki rariya, ta miƙe, ta dubi uwarta Baraka, ta buɗe baki da muryar namiji.

"Inna, na dawo."

Muryar Jibrin ce, ɗan farinsu, wanda ya bi jirgin gyaɗa Ikko neman aiki, zazzaɓi ya kashe shi a can, aka binne shi a can.

Baraka mace ce mai kunya har ta yi yawa. Tun da ta haifi Jibrin ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai "yaron nan", kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ranar tafiyarsa ma ko zaure ba ta leƙa ba, kada a ce ba ta da ta ido. Da labarin mutuwar ya zo, kunyar ta zame mata ciwo. Kullum magariba, jirgi na tsayawa, sai ta zaga bayan danga ta kira sunan a hankali. Kowa ya san ba a kiran suna da magariba. Ita ma ta sani.

Haka abin ya ɗore. Rana na faɗuwa jifa ya fara, muryar ta zo. Kande ta daina ci, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Baraka kuwa, Allah ya yafe mata, sai ta shimfiɗa tabarma tana jiran magariba.

Shitu ya taka har Badafi ya ɗauko Malam Gwadabe. Malam ya turara ɗakin, ya dafa kan yarinyar ya yi ta karatu, har ta sandare.

"Wane ne kai?"

"Ni ba Jibrin ba ne," in ji muryar. "A gindin tankin ruwan jirgi nake zaune. Matar nan ta yi ta kira, ba mai amsawa. Na san muryar yaron tun yana wasa a tasha, sai na ara. Tausayi ne, Malam."

"Tausayinka zai kashe yarinya. Fita."

"Ba kai ka kira ni ba. Wadda ta kira ta sallame ni, in tafi har abada."

Shitu ya sunkuyar da kai. Baraka ta dubi ƙasusuwan wuyan 'yarta, hawaye na bin fuskarta.

"Allah gafarta Malam, ko a bar shi ran Juma'a kaɗai?"

"Baraka, ɗanki yana kabarinsa. Wannan ce ke numfashi."

Ta matso, ta kama hannun Kande. Ta san ƙarya ce, ta ji da kunnenta, amma zuciya ba ta jin magana.

"Jibrin," ta ce da ƙarfi, a gaban mijinta, a gaban baƙo. "Jibrin, ɗana. Ka yafe mini. Je ka."

"Na yafe, Inna."

Kande ta yi atishawa, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido, ta ga uwarta a kanta tana kuka kamar ranar za a yi jana'iza.

"Inna, wa ya mutu?" ta tambaya, da 'yar siririyar muryarta.

"Yayanki," in ji Baraka. "Yau ya mutu."