Zakaran da Ya Kulle Ƙanwarsa a Akurki

Ranar Asabar da la'asar duk gidan suka hallara a falo, don yau za a nuna katun ɗin da Auta ta zana a tashar talabijin inda take aiki. Baba na kan doguwar kujera, Umma na ninke wanki, Yaya kuwa ya miƙe ƙafa a kan kafet yana ƙamshin turare, don daga nan zance zai wuce.

Auta ba ta cikin walwala. Kwana goma ke nan da Yaya ya tarar da ita a ƙofar gida tana hira da Mai Murya, saurayin da ke yi wa katun ɗinsu magana. Ya ci kwalarsa a gaban jama'a, ya kore shi kamar ɓarawo. Ta sha kuka har ta gode Allah, amma ba ta ɗaga wa yayanta murya ba. Mai Murya ya ce zai jira ƙarshen wata. In ba a bar shi ya turo magabatansa ba, zai haƙura da ita.

Aka fara shiri. Wani zakara ya kulle ƙanwarsa a akurki, ya rataya makullin a wuya, ya haura katanga yana jan fiffike a gaban kajin maƙwabta. Yaya ya yi dariya har da dukan kafet.

"Kai! Wallahi zakaran nan tantirin munafuki ne! Auta, kin iya abinki!"

Sai ƙanwar ta leƙo tana tambayar dalili. Zakara ya ja dogon tsaki ya ce, "Ke, ni namiji ne, ko a kwata na faɗa wanka ɗaya ya ishe ni. Ke kuwa farin ƙyalle ce!"

Auta ta zaro ido, don ba ta rubuta wannan ba. Maganar Yaya ce ta ranar korar, Mai Murya ya kwaikwayo ta har da tsakin.

"Innalillahi!" Umma ta saki zanen da ke hannunta. "Wannan ai muryarka ce!"

Yaya ya miƙe zumbur ya fizge wayar talabijin daga soket. "Ni za ki mayar zakara a idon duniya? Ke da wancan mara kunyar?"

"Wallahi Yaya ban sani ba..." Kuka ya ƙwace mata. A ranta ta ce shi ke nan, ta rasa Mai Murya.

"Kare ki nake yi! Na san halin maza! Ya ce miki ke kaɗai ce, ya zagaya bayan layi ya faɗa wa wata!"

Baba ya dube shi. "A ina ka san halin yaron? Sau ɗaya fa ka gan shi."

Kafin ya amsa, wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihun dama. Bai kashe ta ba ta hagu ma ta kama. Umma ta riƙe haɓa.

"Halin maza ka sani, ko halinka? Waɗannan da ke kiranka, su ba ƙannen wasu ba ne?"

Yaya ya saki wayar talabijin ɗin. Ya zauna daɓas, idanunsa suka ciko. "Tsoro nake ji, Umma," ya ce a hankali. "Tsoron kada ta haɗu da irina."

Washegari da ƙafarsa ya je tashar ya nemi afuwar Mai Murya, shi ma ya nemi tasa kan tonon sililin da ya yi masa. Mako bai zagayo ba magabata suka zo, haƙurin Auta ya yi rana. Shi kuwa Yaya sai da Baba ya sa ya je gidajen 'yan matansa biyu ya faɗi gaskiya, ya dawo ba ko ɗaya.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk mai son a kiyaye masa mutuncin ƙanwarsa, ya fara kiyaye na ƙannen mutane.